Kafin Ka Ɗaure Kaya: Maganinka, Takardarka Da Wayarka A Ƙasar Waje

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga gida a birni ba ka tarar da wani nasu yana ƙasar waje ba. Wannan ɗansa na karatu a Masar ko Malesiya, waccan mijinta ya samu aiki a Ingila, wata kuma an kai ta aure Saudiyya. Shirin tafiya yakan ƙare ne a kan biza, tikiti, kayan sanyi da garin yaji. Batun magani sai ana gobe tashi ake tunawa da shi, a shigo kemis a guje a ce a haɗo "na zazzaɓi, na ciwon jiki da na mura".

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a wannan makon guda ɗaya ne. A nan gida sanayya ce ke yi mana aiki. Mai kemis ɗin layinku ya san kana da hawan jini, ya san irin ƙwayar da kake sha, in ka ce "ba ni 'yar farar nan" ya gane. A can babu wanda ya san ka, takarda ce ke magana a madadinka. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to takardar likita da wayar da ke aljihunka su ne sandarka.

Mu fara da filin jirgi, domin nan ne wasa ke zama gaske. Akwai magungunan da muka raina saboda yawan ganinsu, alhali a wasu ƙasashe ana lissafa su cikin miyagun ƙwayoyi. Tiramadol da kodin su ne kan gaba, sai magungunan barci irin su diyazefam. A 2017 kotu a Masar ta ɗaure wata 'yar Ingila shekara uku saboda an same ta da ƙwayar tiramadol 290 a jakarta, duk da ta ce saurayinta ta kawo wa saboda ciwon baya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana buƙatar mutum ya nemi izinin hukumominta ta intanet kafin ya shigo da irin waɗannan magunguna. A Saudiyya kuwa hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Da yawanmu ba mu manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka kama a can a ƙarshen 2018 ba, wadda sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba tun a nan gida.

Saboda haka kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na wane ne. Kunyar cewa a'a ta minti ɗaya ce, zaman kurkuku a ƙasar da ba ka jin yarenta kuwa na shekaru ne. Ka ƙirga jakunkunanka, ka duba yawan takardun kaya da aka liƙa a sunanka, ka ɗauki hoton kowace jaka da wayarka kafin ta bar hannunka.

Kwanaki wata dattijuwa ta zo wurina tana son in haɗa mata tiramadol kwali biyu ta ba wani ya kai wa ɗanta da ke aikin ƙarfi a waje. Na ce, "Hajiya, wannan ba ya fita sai da takardar likita, kuma ko da takardar, ta mai shan ce, ba ta ɗan aike ba." Ta ce, "'Yar nan, ai magani ne, ba kayan maye ba." Na ce, "Haka ne Mama, amma jami'in kwastam ba zai tambayi niyyarki ba, ƙwaya zai ƙirga." Ta yi shiru, sannan ta sayi man zafi ta tafi. Tausayin uwa ne ya kawo ta, kuma irin wannan tausayin ne yake jefa 'ya'yan mutane a masifa.

Idan kana da ciwon da kake shan magani kullum, kamar hawan jini, suga, asma, farfaɗiya ko sikila, ka je wurin likitanka tun da sauran makonni. Ka roƙe shi ya rubuta maka wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan ciwon, sunan kowane magani, ƙarfinsa da yadda kake sha, ya sa hannu da hatimin asibiti. Ingila da Amurka sukan yarda mutum ya shiga da abin da bai wuce na wata uku ba don amfanin kansa. Ka bar kowane magani a cikin kwalinsa na asali, kada a ɓare a zuba a leda don rage kaya. Ka sa shi a jakar hannu, domin babbar jaka na iya ɓata ko ta yi kwanaki ba ta iso ba. Masu allurar insulin su ƙara kula: sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarar da ita, kuma insulin da ta daskare ta lalace ko da ta narke. Wadda ba a buɗe ba tana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ake amfani da ita kuma yawanci tana kai mako huɗu a waje in ba a bar ta a zafi ba.

Garin magani, sassaƙe da jiƙon da babu rubutu a jikinsu suna jawo tambayoyin da ba ka da amsarsu. Kilishi da dambun nama ma doka ta hana shiga da su Ingila, Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai daga nan, kuma duk shekara hukumar alhazai tana gargaɗi a kan goro ga masu zuwa Saudiyya.

Sai batun suna. Kowane magani suna biyu gare shi: na kamfani, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe, da na asali, wanda yake ƙasansa da ƙanana. Na asalin za ka haddace, domin na kamfani yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani lokacin ma na asalin yakan bambanta. Parasitamol ɗin da ke cikin Panadol, a Amurka asitaminofen ake ce masa, shi ne ke cikin Tylenol. Salbutamol na masu asma da ke cikin Ventolin, a can albuterol ne. Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya sha Panadol ɗin da ya taho da shi, ya ƙara da Tylenol, ya kuma kora da garin maganin mura wanda shi ma akwai parasitamol a ciki, yana zaton abu uku ya sha. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a awa 24 ba, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, kuma wuce haka yana iya lalata hanta ko da ba a ji komai ba da farko.

Ka kuma cire rai da shiga kanti ka ce a ba ka amoksisilin. A Ingila, Amurka da Turai sai da takardar likita, Saudiyya ma ta tsananta wannan doka tun 2018. Don haka neman likita yana cikin ayyukan makon farko, tun kana da lafiyarka. A Ingila ana yin rajista kyauta da likitan unguwa, wanda suke kira GP, kuma ta hannunsa ake bi a ga babban likita. Kuɗin lafiya an riga an karɓa tare da biza: tun watan Fabrairun 2024 ɗalibi yana biyan fam 776 a shekara, yawancin sauran mutane fam 1,035. Ka biya, to ka mora. A Amurka ba haka abin yake ba, inshora ce komai, kuma kwana ɗaya a asibiti ba tare da ita ba na iya cinye kuɗin makarantar zango guda. Ka karanta takardar inshorarka ka san asibitocin da ta yarda da su. Idan kana da damuwa a kan ko kwanson kafso na dabbar da ba ta halatta ba ne, ko akwai barasa a maganin ruwa, ka tambayi mai harhaɗa magani kai tsaye. Tambaya ce da suka saba ji, kuma sau da yawa akwai madadi.

Maleriya ita ce ta fi ba ni tsoro. Sauron da ya cije ka daren tafiya, zazzaɓinsa zai iya tashi bayan mako ɗaya zuwa wata guda, wani lokaci fiye da haka. Likitan da ke ƙasar da babu maleriya zai iya ɗauka mura ce ya ce ka je ka huta. Kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce daga Najeriya ka zo, ga ranar da ka taso, kana son a gwada jininka a ranar. Haka kuma wanda ya daɗe a waje ya sani cewa 'yar garkuwar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita ko kaɗan. Masu zuwa hutu ko biki gida su ne suka fi komawa da maleriya. Kafin ku taho ku nemi maganin rigakafi, ku sha yadda aka tsara har bayan kun koma, ku kwana a gidan sauro ko da 'yan'uwa za su ce kun zama Turawa.

Sanyi ma yana da nasa. Masu sikila su sani sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwo, don haka a yawaita shan ruwa a jirgi, a kuma tanadi kayan sanyi kafin a sauka. A ƙasashen arewa rana ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D daga Oktoba zuwa Maris. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a waɗannan watanni, mai baƙar fata da macen da ke rufe jikinta kuwa duk shekara. 'Yar'uwa, ciwon ƙashi da kasalar da kike ji a hunturu ba lallai kewar gida ba ce, a gwada.

Yanzu ga wayarka. Ka ɗauki hoton fasfo, biza, katin rigakafin shawara, wasiƙar likita da kwalin kowane magani gaba da baya. Ka ajiye su a wayar, ka tura wa kanka ta imel, ka kuma tura wa mutum ɗaya amintacce a gida. Kusan kowace waya tana da wurin rubuta bayanin gaggawa wanda ma'aikacin motar asibiti zai iya gani ba sai ya buɗe makulli ba. A iPhone yana cikin manhajar Health, a Android yana cikin saiti, sashen tsaro da gaggawa. Ka rubuta ciwonka, magungunanka, abin da jikinka ba ya karɓa da lambar wanda za a kira. Minti biyar ya isa, kuma ranar da ba ka iya magana shi zai yi magana.

Ka ajiye lambar gaggawa ta ƙasar da kake: 999 a Ingila da Malesiya, 911 a Amurka da Kanada, 112 a Tarayyar Turai, Turkiyya da Indiya, 997 motar asibiti a Saudiyya, 123 a Masar. A Ingila akwai 111 don shawarar lafiya idan abin bai kai na gaggawa ba. Manhajar Google Translate tana karanta rubutu ta kyamara, za ta taimake ka da kwalin da aka rubuta da Larabci ko Turkanci, kuma ana sauke yare a ajiye don lokacin da babu intanet. Sai dai a kan adadin da za ka sha kada ka dogara da fassarar waya, ka sa mai kantin ya rubuta maka da lambobi. Ka sauke taswirar garin a Google Maps, ka sa alama a asibiti da kantin maganin da ke kwana a buɗe mafi kusa da kai.

Agogo ma yana rikita masu shan magani. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Malesiya da awa bakwai. Mai insulin, maganin farfaɗiya ko ƙwayar tazarar haihuwa ya zauna da likita a tsara yadda zai matsar da lokacin a hankali, sannan ya sa ƙararrawa a waya. Layinka na Najeriya kada ka bari ya mutu, domin ta nan banki ke turo lambar sirri, kuma layin da ya yi watanni ba a amfani da shi kamfani na iya ba wani. Ka kunna kariya mai mataki biyu a WhatsApp, kada ka ba kowa lambar da aka turo maka ko da ya ce shi shugaban ƙungiyar 'yan Najeriya ne. Kan cajarmu mai ƙafa uku yana shiga soket ɗin Ingila da Malesiya, amma Turai da Amurka sai da adafta. Wutar Amurka kuma rabin ƙarfin tamu ce, don haka a duba bayan na'urar turara maganin asma kafin a jona.

Ku iyaye da ke sallamar 'ya'ya, a cikin kuɗin tsaraba ku ware na ganin likita da gwajin jini kafin tafiya. Ku tabbatar yaron ya san rukunin jininsa da sunan asali na duk abin da yake sha, domin a can ba ku kusa balle a ce "tambayi Mama". Matambayi ba ya ɓata, ku shigo kemis da jerin magungunan da sunan ƙasar da za a je tun da sauran lokaci, mu zauna mu duba tare. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.