Hanyar Gabas Da Kakanninmu Suka Taka Da Ƙafa

Kakana bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma ya fi ni sanin hanyar Makka nesa ba kusa ba, ni da jirgi ya kai Jidda cikin 'yan sa'o'i. Shi da sanda da gora da buzu ya tashi daga Kano, ya bi ayarin alhazai ta Yarwa da Dikwa, suka haye ruwa daga Kusuri zuwa Fort Lami, wadda ake kira Njamena tun 1973.

Wurare biyu ne ba ya gajiya da ba mu labarinsu. Na farko tafkin Fitri, a ƙasar Bulala. Ya ce da asuba tsuntsaye kan rufe bakin ruwa, masunta na tura kwale-kwale cikin ciyayi, manoma kuwa na bin ruwa yana janyewa suna dasa dawa a laka. Nan ayarinsu ya yada zango har kumburin ƙafa ya saɓe.

Na biyu Dutsen Marra na Darfur, bayan an wuce Abeshe da Junaina. Ƙololuwarsa ta kai mita 3,042, kuma akwai tafkuna biyu cikin kwarin da ke bisa kanta. Mutumin da ya yi watanni yana haƙar rijiya cikin yashi, sai ga shi yana jin ƙarar ƙorama, yana rawar sanyi da dare, yana kallon gonakin Furawa hawa-hawa a jikin dutse.

Tafiyar ta ɗauke shi shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a nema. Ya tsinci auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, ya kuma iske 'yan uwanmu a Mai Wurno, garin da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a bakin kogin Nilu Shuɗi.

Jama'a, ban ce mu bar jirgi ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ma ya sa hanyar ba ta biyuwa. Abin da ke damuna shi ne, mai tafiya ƙasa ya san garin da aka shayar da shi ruwa, da gidan da aka yi jinyarsa, saboda haka in ya ji masifa ta auka musu ba ya iya barci. Mu kuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata, muna ratsa samaniyar ƙasashen nan ba mu ko san sunayensu ba. Jikokin waɗanda suka saukar da kakanninmu yau suna sansanonin gudun hijira a gabashin Chadi. Bashi ne a kanmu.

Allah ya kawo musu sauƙi, amin.