Ƙwallon Baƙi: Wa Ke da Ƙungiyar?

Wata Juma'a bayan La'asar, ɗan ƙanwata ya zo gidana a Sakkwato tare da abokansa uku. Suka durƙusa suka gaishe ni, aka kawo musu ruwa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da su: "Kawu, ƙungiyar ƙwallo munka kafa, mu ɗiyan gida da ke nan. Muna so ka zan ubanta. Ka saya muna riguna da takalma, mu ko mu sa mata sunanka."

Ɗiyan gida da yake nufi su ne samarin Kamarawa da na ƙauyukan Isa da Sabon Birni, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakin iyayensu. Wani ɗan kabu-kabu ne, wani ɗan ga-ruwa, wani yana dako a kasuwa. Da yamma sukan haɗu a wani fili a bayan gari, tsakanin kangayen gidajen da ba a gama ginawa ba. Na ce su ba ni mako guda. Kuɗin riguna ba su fi ƙarfina ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani suna da na daɗe ban tuna ba: Leventis United.

Ina yaro a Kamarawa, rediyon wani malaminmu na firamare ne filin wasanmu. Mukan kewaye shi muna sauraron sharhin Ernest Okonkwo, ba ma fahimtar rabin Turancin, amma muna gane sunan da ya fi yawa a bakinsa. Sai daga baya na san cewa sunan na Girkawa ne. Anastasios Leventis, mutumin tsibirin Saifurus, shi ya kafa kamfanin A.G. Leventis a Afirka ta Yamma a shekarun 1930, gidan da ya kawo mana manyan kantuna da kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a Nijeriya. A farkon shekarun 1980 wani jami'in kamfanin, John Mastoroudes, ya kafa ƙungiyar ƙwallo a Ibadan da sunan gidan.

Tashin ƙungiyar ya yi kama da wutar kara. Ta lashe rukuni na uku, ta lashe na biyu, ta lashe na ɗaya a 1986, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1984 tun tana ƙaramin rukuni, ta sake ɗauka a 1986, duka biyun a kan Abiola Babes. A 1985 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta tsira da ƙyar. Amma kafin shekarun 1980 su ƙare, masu ita sun rufe ta. 'Yan wasa suka watse. Magoya baya ba su da ta cewa, domin ba su taɓa mallakar ko ƙwallo ɗaya a cikinta ba.

Mu ma a Arewa mun ga irin wannan. Raccah Rovers ta Kano, mai ɗauke da sunan gidan 'yan kasuwar da suka zo daga Tarabulus suka yi fice a cinikin gyaɗa, ita ce zakarar Nijeriya a 1978. A shekarar ne ta kara da Fluminense ta Burazil a Kaduna, Pele yana sanye da rigar baƙin. Yau sai dattawa ke tuna ta.

To amma akwai wasu Girkawan da suka bi wata hanya dabam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar da ya biyo baya a Girka, dubban talakawa suka yi ƙaura zuwa Ostareliya, da yawansu suka zama leburorin masana'antu a birnin Melbon. A 1959 ƙananan ƙungiyoyi uku suka haɗe suka zama South Melbourne Hellas, kalmar ƙarshen kuwa sunan ƙasar Girka ne a harshensu. Ƙungiyar ta mambobi ce: su ke biyan kuɗin shiga, su ke zaɓen shugabanni, su ke cika fili ran Lahadi. Sabon zuwa yakan je can ya ji harshensu, ya tambayi inda ake ɗaukar aiki da inda zai sami ɗakin haya.

Ange Postecoglou, wanda ya ci wa Tottenham kofin Europa a 2025, ɗan wannan gida ne. An haife shi a Girka a 1965, iyayensa suka kai shi Melbon yana ɗan shekara biyar. Ya sha ba da labarin yadda mahaifinsa, wanda aiki ya mayar da shi mai ƙarancin magana, yakan sake ya zama wani mutum da zarar sun shiga filin ƙungiyar. Yaron ya girma ya ci gasar ƙasa a 1984, ya sake ci a 1991 yana kyaftin a ƙarƙashin Ferenc Puskás, sannan ya dawo a matsayin koci ya ci a 1998 da 1999.

Ba zan ɓoye muku ɗacin labarin ba. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar ƙwallon Ostareliya ta tilasta wa ƙungiyoyi su cire sunayen ƙabila, aka goge Hellas. An rushe tsohon filinsu don shimfiɗa hanyar tseren motoci. Da aka kafa sabuwar babbar gasa a 2005, aka bar su a waje, suka koma gasar jiha. Duk da haka ba su mutu ba. Har yau jikokin leburorin nan suna zuwa fili, suna kiran sunan da aka goge. Babu mutum ɗaya da zai iya rufe ƙungiyar, saboda babu mutum ɗaya da ya buɗe ta.

Bambancin ke nan. Leventis United ta fi ƙarfi, ta fi kuɗi, ta fi saurin ɗaukaka, amma rigar aro ce a jikin magoya bayanta, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Na san abin da zai faru da ƙungiyar da ke ɗauke da sunana: ranar da albashina ya gaza, ko raina ya ɓaci, ta mutu. Kafin nan ma wani ɗan siyasa zai zo da riguna mafi kyau, ya mayar da yaran 'yan rakiyar kamfe.

Da na kai maganar wurin yayan mahaifina, wanda shi ma yanzu yake zaune a ɗakin haya a nan Sakkwato, sai ya kawo abin da ban hango ba. "Baƙo raɓa ne," in ji shi. "Wanda duk ya kafa ƙungiya garin mutane, ya fid da ran komawa gida." Na ce, "Baba, yaran da aka haifa nan ba su taɓa ganin Kamarawa ba. In babu inda za su riƙa jin sunanta, ranar da hanya ta buɗe wa zai koma?" Ya daɗe bai ce komai ba. Ban ce na rinjaye shi ba, kuma ni kaina tsoronsa yana nan a zuciyata: Girkawan Melbon da yawa sun tafi da niyyar shekara kaɗan ne, ga jikokinsu can.

Da mako ya cika yaran suka dawo. Na ce ba zan ba da sunana ba, su sa mata sunan gida. Na ba su littafin rajista da ƙwallo biyu. Sharaɗina uku ne: kowane mamba ya riƙa zuba naira 200 duk Juma'a, su zaɓi ma'aji wanda zai karanta lissafi a gaban kowa, kuma kada a hana ɗan unguwa shiga don ba Bagobiri ba ne. Ɗan ƙanwata bai ji daɗi ba, riguna yake so kafin wasan da suka shirya. Sun buga wasan da fararen singileti, an rubuta lambobi da shuɗin fenti, aka ci su biyu da ɗaya.

Sunana ne na 23 a littafin. Baba bai yarda an rubuta nasa ba, amma ran wasan na hango shi a gindin wani kango, zaune a kan buzunsa, yana tambayar wani yaro ɗan wane ne mai tsaron gidan nan.