Tsofaffin Land Rover Na Tsaunin Mambila

Matafiyin da ya bar Serti da hantsi ya nufi kudu, da zarar ya wuce Mayo Selbe sai hanya ta fara hawa. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan, har zafin ƙasa ya sake shi, sanyi ya kama. To, ya shiga Tsaunin Mambila ke nan, a Jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku. Daga nan sai Maisamari, sai Nguroje, sa'an nan Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Wannan yanki dai bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

Kwalta kam ta kai Gembu, amma jama'a ba a Gembu suka ƙare ba. Akwai Dorofi da Mayo Ndaga da sauran garuruwa har bakin iyakar Kamaru, kuma hanyoyinsu jar ƙasa ce wadda doguwar damina kan mayar da ita taɓo mai santsi. Wannan shi ya sa baƙo kan tarar da wata mota a tasha wadda a birane aka daɗe da mantawa da ita, watau tsohuwar Land Rover.

Asalin motar nan Ingila ne. An fito da ita a 1948, lokacin da ƙarfe ke wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka aka yi jikinta da alminiyam. Abin da ƙarancin ƙarfe ya tilasta shi ne ya ba ta tsawon rai, domin alminiyam ba ya yin tsatsa. Ita ce motar Di'o da ta likitan dabbobi da ta 'yan sanda a zamanin da, har ma an taɓa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Samfurin da ake kira Series III an ƙera shi daga 1971 zuwa 1985, wato ko ƙaramar cikinsu ta ba shekara 40 baya.

Yaya aka yi mota mai waɗannan shekaru take hawan dutse da lodi? Amsar tana gareji. Land Rover mota ce da aka ɗaure da noti, don haka ana iya kwance ta gaɓa-gaɓa. Bakanike kan ɗage bodin ya ajiye gefe, shasi ya fito fili. A nan cutar take, don shi shasin ƙarfe ne, kuma bututu ne mai kusurwa huɗu, laka takan shige cikinsa ta kwanta da danshi, tsatsa ta yi ta ci daga ciki ba a gani. Sai a bi shi da guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara garau a wuce, inda ya amsa a dakushe a yanke, mai walda ya ɗora sabon ƙarfe, galibi ma wanda ya fi na kamfani kauri. Motar da ta mutu murus kuwa ba a zubar da ita, ita ce kantin 'yan'uwanta: yau a cire giya, gobe ƙofa, jibi aksul.

Gyara bai tsaya ga mayar da ita yadda take ba. Ana ƙara wa sifirin ganye don ya ɗauki nauyi, a ƙera ƙarfen ɗaura kaya a bisa, a ƙara wurin tsayuwa a baya. Injinta na asali lita biyu da kwata ne, mai haƙuri amma ba mai gudu ba, kuma in ya gaji kayansa suka yi wuya, akan ɗora mata na wata mota a daidaita shi da giyar. Abin da ba a wasa da shi shi ne 'yan sandunan nan biyu na gefen direba: mai rawayan kai, wanda in an danna shi tayoyi huɗu su ja tare, da mai jan kai, wanda in an jawo shi baya mota ta koma ƙaramar giya, tana rarrafe amma ba abin da ke tsayar da ita.

A Ingila ma ana sabunta irin waɗannan motoci. A 2016, shekarar da aka daina ƙera tsohon samfurin Defender a Solihull, kamfanin ya sanar da cewa zai sabunta guda 25 na samfurin farko don masu sha'awar kayan tarihi. Can ana neman ta koma sak kamar ranar da ta fito. A Mambila ba wanda ya damu da launin fenti, buhun masara da dankali da katako suke jira.

To, amma fa akwai inda hikimar nan ta gaza, kuma ya kamata a faɗa. An ƙara ƙarfin inji, an ƙara ƙarfin sifirin, an ƙara lodi, birki kuwa yana nan yadda Bature ya bar shi, irin na da mai ganga, wanda in ya yi zafi a doguwar gangara ko ya sha ruwa a rafi sai riƙonsa ya ragu. Haka kuma sandar aksul ta baya takan karye in nauyi ya yi yawa. Mai ciki da ake kai wa asibiti da ɗan makaranta da ɗan kasuwa duk a bisa wannan birki suke. Bakanike ya yi iyakar ƙoƙarinsa da abin da ke hannunsa. Abin da ya rage na masu yin hanya ne da masu duba lafiyar motoci.

Ranar kasuwa tun da duhu ake lodi, hazo ya rufe gari, fasinja sun duƙunƙune cikin riguna masu kauri. In an gama ɗauri direba ya tayar, motar ta yi tari ta kama. Karen mota ba ya zama a ciki. Yana maƙale a baya da waigi a hannu, domin in ta tsaya a tsakiyar hawa, shi zai diro da sauri ya cusa shi ƙarƙashin taya kafin ta fara komawa da baya.