Bashin Sa'o'i



Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bashin da zan ba ku labarinsa yau na sa'o'i ne, kuma wata biyar na shafe ina biyan sa. Duk wanda ya taɓa yin wani kwas aka ce masa "ka gama, amma da saura" zai gane inda na dosa.

A farkon 2023, bayan na kammala karatuna a Indiya, na wuce Rishikesh, wani gari a jihar Uttarakhand da ke bakin kogin Ganga a gindin duwatsun Himalaya, na shiga horon koyar da yoga na sa'a 200. Ciwon baya ne ya fara haɗa ni da yoga tun ina ɗaliba, da na ga amfaninta sai na so in san ta da kyau kafin in dawo gida. Horon na mako huɗu ne: a tashi gari bai waye ba cikin sanyin Janairu, a motsa jiki, a yi darasin numfashi, na sassan jiki da na falsafa, da yamma kuma mu koyar da junanmu.

Makarantu da yawa ranar rufewa suke miƙa takardar shaida, a rataya wa mutum furanni a wuya, a ɗauki hoto. Tamu furannin kawai ta ba mu, sai wata takarda mai sharuɗɗa huɗu da za mu cika cikin wata shida kafin a turo mana shaidar. Na farko, atisaye na ƙashin kai na kwana 90, aƙalla minti 45 a rana, ana rubutawa a littafi. Na biyu, koyar da mutane kyauta na sa'a 20, kowane zama ɗaliban su sa hannu. Na uku, karanta littattafai biyu da rubuta muƙala uku a kansu. Na huɗu, bidiyon aji guda cikakke na sa'a ɗaya.

Wannan adadi na sa'a 200 ya samo asali ne daga ƙa'idar Yoga Alliance, wata ƙungiya a Amurka da ke yi wa makarantu da malaman yoga rajista. Ba hukumar gwamnati ba ce, kuma sa'a 200 shi ne matakinta na ƙasa. A tsarin B.K.S. Iyengar, malamin nan na birnin Pune da ya rasu a 2014, sai mutum ya yi aƙalla shekara uku yana ɗalibi kafin ma a fara maganar horar da shi ya zama malami. Idan aka ɗora mako huɗu kusa da wannan, za a ga dalilin da ya sa makarantarmu ta riƙe takardar. Cikin wata guda mutum zai iya haddace sunaye da tsarin aji. Sanin yadda zai yi da jikin wani kuwa sai ya koma gida, inda babu mai tsaya masa a ka.

Sharaɗin farko ya fi kowanne rashin armashi. A Rishikesh akwai ƙararrawa, akwai malama, akwai mutum ashirin a gefena da zan ji kunyarsu idan na makara. A ɗakina na Kano babu komai sai tabarma da fanka marar wuta. Na fara ƙirga a farkon Maris, ranar 23 ga watan azumi ya kama, zafi kuma ya buɗe wuta. Atisayen safe yana barin mutum da ƙishirwa har magariba, yin sa da cikakken ciki kuma ba ya yiwuwa, saboda haka na mayar da shi bayan asham, lokacin da abincin shan ruwa ya ɗan faɗa. Ga irin abin da ke cikin littafin: "Kwana na 31. Minti 45 bayan asham. Bayan cinyar hagu ya fi na dama tauri. Numfashi gajere, kunun gyaɗa ya yi yawa." Haka nan, layi uku ko huɗu kullum.

Bayan sallah da kwanaki zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana shida. Na faɗa a dandalinmu na WhatsApp na 'yan ajin, sai wata daga cikinsu ta biyo ni ta gefe ta ce in cike gurbin kawai, ai ba wanda zai zauna ya karanta shafi 90. Gaskiya ta faɗa, babu hanyar da malamarmu za ta san abin da na yi ko ban yi ba a wani ɗaki da ke wata nahiya. Duk tsarin a kan amana ya tsaya. Na rubuta "zazzaɓi" a layuka shida, na ƙara kwana shida a ƙarshe, ƙirgen ya koma 96.

Shafukan da suka biyo bayan waɗannan shida su suka fi yi mini amfani a duk littafin. A nan na rubuta yadda jiri ke ɗibar mutum idan ya ɗago kai da sauri bayan jinya, da yadda ƙafafu ke rawa a tsayuwar da a da ba ta komai, da cewa sai a kwana na tara ƙarfina ya dawo daidai. Wata guda bayan haka ɗaya daga cikin ɗalibaina ta dawo aji bayan ta yi nata zazzaɓin, na buɗe shafukan nan na san daga inda zan fara da ita. Da ƙarya ce a wurin, da ita za ta biya.

Ɗaliban nawa su biyar ne: Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta haura sittin, maƙwabtanmu biyu masu ɗinki, matar yayana, da ƙanwata. Laraba da Asabar bayan la'asar muke shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Sa'a 20 a zama biyu duk mako, mako goma ke nan. Kowa da biro take sa hannu a takardar makaranta, Gwaggo kuwa da ajami take rubuta sunanta, a haka na tura musu.

A nan ne abin ya shafe mu marubuta. Da Turanci aka horar da ni, sunayen tsayuwa da zama kuma da harshen Sanskirit. Babu ɗaya daga ciki da zai yi aiki a tsakar gidanmu. Idan na fassara umarni kalma da kalma, sai su tsaya suna kallona. Dole kowace jimla in nemo mata abin da jikinsu ya riga ya sani. Don su tattara ƙarfin ciki sai na ce, "Ki ɗaure ciki kamar za ki ɗora tulu a ka." Don su miƙar da gadon baya, "Kamar kina ɗauke da farantin talla, kada ya zube." Akwai wata tsayuwa da ake dafa hannu da ƙafa a ƙasa a ɗaga ƙugu sama, wadda sunanta na asali kare ne mai kallon ƙasa. Wa zai ce wa Gwaggo ta yi kare? Su da kansu suka sa mata suna rumfa. Wadda ake kwanciya rub da ciki a ɗago ƙirji, da ake kira da sunan maciji, ɗaya daga cikin masu ɗinkin ta ce ai wannan ƙadangare ne a kan katanga. Sunan ya bi ta har yau.

Wani abin ma su suka riga ni. A Rishikesh na ga Turawa suna fama da tsuguno, ana sa musu bulo a ƙarƙashin diddige, ana ta gumi. Ranar da na kawo shi aji, Gwaggo ta tsuguna diddigenta a ƙasa, bayanta a miƙe, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ne kika je har Indiya koyowa? Ai a haka nake wanke-wanke tun ba a haifi ubanki ba." Da aka gama dariya na cire shi daga jerin, na mayar da lokacin kan kafaɗa da ƙasan baya, inda masu zaman keken ɗinki suke kuka da shi.

Kafin zama na farko sai da na tambayi kowacce ita kaɗai: hawan jini, juna biyu, tiyata, ciwon gwiwa. Gwaggo ta ce tana da hawan jini, amma sai kanta ya yi ciwo take shan ƙwayar. Na cire mata duk abin da zai sa kai ya daɗe a ƙasa da zuciya, da duk wani riƙe numfashi, na kuma ce, "Gwaggo, maganin nan kullum ake shan sa, ki bari in raka ki asibiti a duba ki." Mun je. Matar yayana wata huɗu ke nan da yi mata tiyatar haihuwa, na ce sai likita ya ba ta izini, mako biyu tana zaune a gefe tana numfashi kawai. Ƙanwata ita kuma so take ta harɗe ƙafafu irin na hotuna, kowace ƙafa a kan ɗaya cinyar. Na nuna mata cewa gwiwa gaba da baya take lanƙwasawa kamar ƙyauren ƙofa, juyawar daga ƙugu take fitowa, idan ƙugu bai saki ba aka tilasta, gwiwar ce za ta ji rauni. Sauran sun yarda sun sa wando mai faɗi don in riƙa ganin inda gwiwa ta dosa. Gwaggo ta ce ita da zanenta mutu ka raba, sai na koma tambayarta, "A ina kike jin sa?" ina kuma karanta fuskarta.

Sharaɗin karatu shi ya kawo tambayar da na san tana ran wasunku. Littafi na farko na Iyengar ne, Light on Yoga, wanda ya fito a 1966 da hotuna kusan 600, shi aikin jiki ne mafi yawansa. Na biyun shi ne Yoga Sutra na Patanjali, gajerun jimloli 196 a babi huɗu. Uku kacal daga cikinsu suke magana a kan zaman jiki, sauran a kan tarbiyyar zuciya ne da falsafar da ta tsiro cikin addinan Indiya. Duk Musulmin da ya karanta shi tsakani da Allah zai ga wuraren da hanya ta rabu. Malaman wasu ƙasashe sun duba lamarin: a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu, a 2009 kuma majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda aka haɗa da karance-karancen ibada, ta bar wadda motsa jiki ne zalla. Ni tun a Rishikesh na faɗa wa makarantar ba zan rera komai ba, idan ana yi shiru nake. Da na dawo na kai maganar gaban malaminmu na Islamiyya. Ya tambaye ni me nake furtawa, me kuma nake nufi a zuciya, sannan ya ce in nisanci duk abin da yake da kama da bauta, ko da suna ne. A ajina babu rera komai, babu gaisuwar rana, kuma akwai wani durƙuso da ake sa goshi a ƙasa wanda na hana kowa kiran sa sujada. Muƙalata ta uku a kan wannan na rubuta ta, na faɗi abin da na ɗauka daga littafin da abin da na bar musu. Malamar ta amsa da cewa ta karɓa.

Bidiyon sai da aka kai ruwa rana. Matan sun ce ba za a ɗauki hotonsu a tura wata ƙasa ba, kuma suna da gaskiya. Na ajiye wayar ta yadda ni kaɗai za ta ɗauka, su muryarsu ce kawai ke fita. Karon farko hadarin Yuli ya tashe mu a minti na 25. Karo na biyu aka samu sa'a guda cif. Na zauna na fassara duk abin da na faɗa zuwa Turanci, na haɗa na tura. Malamar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta ce ta lura na fi magana a hankali da harshena, ina kuma barin shiru tsakanin umarni da umarni. Ta shawarce ni in ƙara tsawon hutun ƙarshe ya kai minti goma.

Takardar shaidar ta iso ta imel a watan Agusta. Bashin dai bai ƙare ba, domin a ƙa'idar Yoga Alliance wanda ya yi rajista sai ya ƙara karatu na sa'a 30 da koyarwa na sa'a 45 duk bayan shekara uku, kuma shi da kansa yake shigar da sa'o'insa a shafinsu. Kafin a kira mutum gogaggen malami a wannan mataki sai ya koyar na sa'a 1,000. A lissafin Laraba da Asabar, kusan shekara goma ke nan. Ina kan littafi na huɗu yanzu, ajin kuma ya kai mutum tara.

Ina da roƙo ɗaya gare ku. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, wanda ke sauka idan an ja numfashi ya hau idan an saki. Ni "tantanin numfashi" nake ce masa, amma Gwaggo ta ce sunan bai yi mata ba. Wanda ya san abin da mahauta ko tsofaffin garinsu ke kiran sa, don Allah ya taimaka mini da shi kafin Laraba.