Ruwan Toka da Ruwan Soda

A gidanmu na Maraɗi, hanya ɗaya muka sani ta yin sabulu. Kakata takan ƙona karan gero, ta jiƙa tokar, ta tsiyaye ruwanta. Sai ta haɗa shi da kitse ko man gyaɗa, ta yini tana tuƙawa a kan wuta har ya yi kauri, ta mulmula. Sabulun salo ke nan.

Yau yawancin matan da ke kira a shirina na rediyo soda suke saye. A narka ta a ruwa, a gauraya da mai, a zuba a mazubi, sai jiran mako 4 zuwa 6. Babu wuta, babu hayaƙi. Ban ga laifinsu ba, itace ya yi tsada.

Tsorona ɗaya ne. Ruwan toka yana da launi, shi kuwa ruwan soda garau yake kamar na randa, kuma kurɓa ɗaya tana iya ƙona maƙogwaron yaro har abinci ya daina wucewa. Don Allah uwar gida, kada ki zuba shi a gorar ruwan sha. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaron amai, a garzaya asibiti.