Orangi, Unguwar da ta Haƙa wa Kanta Magudana

Wanda ya je Karachi ya tsaya a bakin teku bai ga inda talakan birnin ke kwana ba. Sai ka nausa arewa maso yamma, ka bi ta Kati Pahari, inda aka tsaga dutse aka fitar da titi, sannan ka faɗa Orangi. A Pakistan irin wannan unguwa katchi abadi ake ce mata. Da a Kano ne, awon igiya za mu kira ta. Dillalai ne suka yayyanka filin gwamnati suka sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, jama'a kuma suka yi ta kwararowa, musamman bayan yaƙin 1971 da ya raba Bangladesh da Pakistan. Yau ana ƙiyasta mazaunanta sun haura miliyan 2.

Cunkoso dai akwai shi, ga ƙura, ga wayoyin lantarki a cukurkuɗe, ga ƙarar masaƙun siliki daga cikin gidaje. Amma a yawancin layukan da na ratsa ban tsallaka kwata ko ɗaya ba. Murfin siminti kawai nake takawa jefi-jefi, yara na wasan kurket a inda da can ƙazanta ke kwance.

Ba hukuma ce ta yi wannan aiki ba. A 1980 wani dattijon masani, Dakta Akhtar Hameed Khan, ya kafa shirin Orangi Pilot Project. Ya lura cewa mutanen da suka iya gina gidajensu da bulon da suka karɓa bashi ba ragwaye ba ne. Tsadar ɗan kwangila da cin hanci ne suka sa magudana ta gagare su. Sai shirin ya ɗauki nauyin awo, taswira da aron kayan aiki, kuɗi da gumi kuwa na masu layi. Gidaje 20 zuwa 40 su zaɓi shugaba, su yi karo-karo, kowa ya gina masai a gidansa, sannan a haƙa tsakiyar layi a binne bututu. Kuɗin ya faɗi ƙasa warwas. Layi ya ga na maƙwabci ya bushe, sauro da wari sun ragu, darajar gida ta tashi, shi ma ya nemi a zo a yi masa awo. A haka gidaje sama da 100,000 suka shiga tsarin. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikin: cikin gida da layi na jama'a ne, manyan magudanai da tace ƙazanta na gwamnati. Ba wanda aka ce ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa.

To, ɓangaren gwamnatin ne ya daɗe yana tafiyar hawainiya, har ƙazanta mai yawa na bin rafuka zuwa teku. Ruwan sha kuma har gobe masu tanka ne ke yanka farashi. Perween Rahman, wadda ta shugabanci shirin tana kuma tattara bayanai kan satar ruwa da ƙwacen filaye, harbe ta aka yi a watan Maris na 2013.

Duk da haka, ban taɓa ganin aikin gayya da ya kai wannan tsari da ɗorewa ba. Masu unguwanninmu da ƙungiyoyin matasa da ke yashe kwata duk damina, Orangi ta cancanci ku nemi labarinta.