Ciyawar da Jami'a ta Raina

Duk wanda ya ƙetare gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya nufi Jami'ar Abdu Mumuni a watan Agusta, zai tarar da filin da ya sani fako da rani ya rufe da tsanwa. Ɗalibai na wucewa da littattafai a hammata, ba su dubanta. Leburori kuwa suna jiran a ce su sare. Sunanta ɗaya a bakin kowa: ciyawa.

Amma matan da ke zuwa da asuba da ƙwarya a ka sun san kowace da sunanta da mazauninta. Gasaya mai farin fure da zaƙi-banza suna son juji, inda ƙasa ta ƙoshi da taki. Tsidau yana shimfiɗe a hanyar da ƙafa ta daddage, yana dakon mai tafiya ba takalmi. Ƙarangiya ta riƙe rairayi. Tafasa, mai fure rawaya, takan naɗe ganyenta in rana ta faɗi. Tumfafiya tana tsayawa inda ƙasa ta gaji, yaɗiya kuma ba ta bushewa ko da rani ya tsananta.

Waɗannan tsirrai ba baƙi ba ne ga talakan Nijar. A yunwar 1973 da ta 1984, da kuma ƙarancin cimaka na 2005, da rumbuna suka ƙare, kwaɗon tafasa da ƙwayar ƙarangiya sun riƙe rayuka a karkara. Ɗalibai da yawa jikokin waɗanda suka ci su ne.

Akwai kuma wadda ta cancanci tsoro. Garmani, wanda dabbobi ba sa so, ya mamaye burtali da makiyaya a jihohin Maraɗi da Damagaram, yana korar ciyawar da shanu ke ci. Wanda bai iya bambanta shi da sauran ba, ba zai gane ranar da ƙasa ta fara ciwo ba.

Tun 1971 da aka aza harsashin wannan makaranta, tana koyar da sunayen tsirrai da Latinanci, kuma hakan daidai ne. Sai dai in ɗalibin aikin gona ya fita da digiri bai san gasaya ba, ranar da damina ta gaza, tsohuwa mai ƙwarya ce za ta ciyar da shi.